iNaturalist, Seek da Merlin: wacce ce ta dace da fitar da mutanen unguwa zuwa lambunan birni?

A kowane babban birni akwai mutanen da tsakaninsu da lambun shaƙatawa ko bakin rafi bai fi tafiyar minti 10 ba, amma ba su taɓa sa ƙafa a ciki ba. Akwai baƙin da suka zo neman mafaka, da masu aikin dare, da tsofaffi, da mata masu goyo, da masu amfani da keken guragu, da matasan unguwannin talakawa. Dalilan sanannu ne: ba wanda ya gayyace su, ba su san ko an yarda a shiga ba, suna tsoron masu gadi ko karnuka, babu bayan gida, kuma idan sun leƙa ba sa ganin irin nasu a ciki. Wannan giɓin ne ya haifar da ƙungiyoyi irin su Outdoor Afro da Rue Mapp ta kafa a Amurka a 2009, da Black Girls Hike da Rhiane Fatinikun ta fara a Ingila a 2019, da Muslim Hikers da Haroon Mota ya kafa a 2020. Duk wanda ya ɗauki irin wannan aiki a unguwarsu, da wuya ya yi mako guda ba a ce masa ya sauke ɗaya daga cikin manhajoji uku ba: iNaturalist, ko Seek, ko Merlin Bird ID, waɗanda ke taimaka wa mutum gane sunan halittar da ya gani ko ya ji.

Duka ukun kyauta ne, kuma duka suna da inganci. Sai dai an ƙera su ne da tunanin mutum ɗaya mai waya mai kyau, mai wadatar data, wanda dama can yana sha'awar tsuntsaye da tsirrai. Fitar da mutum 15 da rabinsu ba su taɓa shiga lambun ba wani aiki ne daban, kuma da wannan ma'aunin aka auna su a nan. Hukuncin a taƙaice shi ne: Seek ce ta ranar farko, iNaturalist a ajiye ta a waya ɗaya ko biyu bayan an gyara saitinta, Merlin kuma a tanade ta don fitar sassafe.

A fara da iNaturalist, tunda ita ce uwar Seek. An ƙirƙire ta a 2008 a matsayin aikin kammala digiri na biyu na wasu ɗalibai uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, cikinsu har da Ken-ichi Ueda. A 2014 ta koma ƙarƙashin Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya, a 2017 ƙungiyar National Geographic ta shigo cikin tafiyar, sannan a 2023 ta zama ƙungiya mai cin gashin kanta wadda ba ta neman riba. Yadda take aiki ba shi da sarƙaƙiya. Mutum ya ɗauki hoton wani abu mai rai, ko ya naɗi kukansa, wayar ta haɗa da rana da wurin da aka gan shi, sai a ɗora. Wannan shi ake kira rahoto. Ƙirƙirarriyar basirar manhajar za ta ba da shawarar suna, daga nan sai 'yan sa-kai daga ko'ina a duniya su duba su tabbatar ko su gyara.

Kowane rahoto yana ɗauke da tambari mai launi. Ruwan ɗorawa na nufin ana jiran a tantance suna. Kore na nufin ya kai matakin bincike, wato yana da hoto ko sauti, da rana, da wuri, abin kuma na daji ne, sannan fiye da kashi biyu cikin uku na masu tantancewa sun yarda da nau'insa. Ruwan toka kuma na rahoton da ya rasa hoto da sauti, ko rana, ko wuri ne, ko wanda abin da ke cikinsa ba na daji ba ne. Rahotannin da suka zama kore, idan lasisinsu ya ba da dama, ana tura su zuwa GBIF, babbar taskar bayanan halittu ta duniya da masu bincike ke ɗiba daga cikinta.

A nan ƙarfin manhajar yake ga irin mutanen da ake magana a kansu. Matar da aka saba yi wa kallon baƙuwa a lambu ta ɗauki hoton wani ƙwaro a bayan ganye, da yamma ta duba ta ga wani masani daga wata nahiya ya rubuta sunansa a ƙarƙashin hotonta, tambarin ya koma kore. Abin da ta gani ya shiga taswirar duniya da sunanta a jiki. Babu laccar da za ta gamsar da mutum cewa wurin nasa ne kamar wannan. Kuma gudummawar ta gaske ce. Wani bincike da Diego Ellis-Soto da abokan aikinsa suka wallafa a 2023 ya nuna cewa a biranen Amurka, unguwannin da aka yi wa jan layi a taswirorin bashin gidaje na shekarun 1930 don nuna cewa ba su bashi haɗari ne, waɗanda akasarinsu na baƙaƙen fata da baƙi ne, har yau su ne suka fi ƙarancin bayanan tsuntsaye. Dalilin shi ne masu lura da tsuntsaye ba sa zuwa can, kuma mazauna wurin ba su cikin masu ɗora bayanai. Idan mahukunta suka zo tsara inda za a kare ko a dasa bishiyoyi, unguwar da babu komai a kanta a taswira ita ake tsallakewa.

Matsalolin kuma ga su nan, kuma mafi yawansu a ranar farko suke fitowa.

Ta farko ita ce ta shuke-shuken da aka dasa. iNaturalist ta halittun daji ce, amma lambun birni cike yake da furanni da bishiyoyin da ma'aikata suka shuka. Sabon shiga kuwa abin da ya fi jan idonsa shi ne furen nan ja da ke bakin ƙofa. Zai ɗauka, ya ɗora, kafin ya koma gida wani ya yi masa alamar cewa dasashshe ne, tambarin ya koma ruwan toka, daga nan kuma da wuya wani ya sake waiwayarsa. Mutumin sai ya ɗauka an ƙi aikinsa ne. Maganin shi ne jagora ya bayyana bambancin tun a bakin ƙofa, da misali a hannu. Wannan bishiyar da aka kewaye da siminti mutum ne ya dasa ta, don haka a yi mata alamar dasashshiya. Amma ciyawar da ta tsiro a tsagar simintin, da tururuwar da ke hawa gindin bishiyar, da gizo-gizon da ya yi saƙa a reshenta, da gansakukar da ke jikin ɓawonta, duk na daji ne. Haka nan tattabarar da ke yawo a kan rufi ta daji ce, amma kajin da ke cikin keji da karen da aka riƙe da igiya ba na daji ba ne. Da zarar mutane sun gane wannan sai idonsu ya sauka daga manyan furanni zuwa ƙananan abubuwa, kuma a nan ne fitar take fara daɗi.

Ta biyu ita ce cusa abubuwa da yawa a rahoto ɗaya. Ƙa'idar ita ce halitta ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Rahoto yana iya ɗaukar hotuna har 20, amma dukansu na abu ɗaya za su kasance. Sababbin shiga sukan zuba hoton ƙadangare da na fure da na hankaka wuri guda kamar kundin hotunan biki, masu tantancewa kuma ba su da abin yi sai su mayar da rahoton zuwa wani babban rukuni da ba ya amfanar kowa. Idan ƙudan zuma ne a kan fure kuma ana son duka biyun, sai a yi rahoto biyu da hoton guda.

Ta uku ita ce barin gurbin suna ba komai. Masu tantancewa suna tace rahotanni ne bisa fanninsu, masanin ƙwari ƙwari kawai yake dubawa. Rahoton da ba a ba shi ko da babban suna ba yana iya yin watanni ba wanda ya gan shi. Wanda bai san abin da ya ɗauka ba ya zaɓi "tsirrai" ko "ƙwari" ko "tsuntsaye", wannan ya isa ya kai shi gaban wanda ya sani. Kishiyar wannan kuskure kuma ya fi shi muni, wato amincewa da duk sunan da manhajar ta fara kawowa. Basirar an horar da ita ne da hotunan da mutane suka ɗora, don haka ta fi ƙwarewa a yankunan da masu amfani da ita suka fi yawa. A wasu yankunan takan kawo sunan wani nau'i mai kama da shi daga wata nahiya. A fifita shawarar da aka rubuta cewa ana samun ta a kusa, kuma idan da shakka a tsaya a matakin dangi.

Akwai wani abu da ya kamata jagora ya hana da bakinsa. Tunda mutum biyu da suka yarda da suna ɗaya sun isa su mayar da rahoto kore, abokai sukan riƙa danna "na yarda" a rahotannin juna don kara. Sakamakon shi ne sunan da ba daidai ba ya shiga taskar bincike. Gyara shi kuma yana da wuya, domin idan biyu sun faɗi suna ɗaya, masani ɗaya ya saɓa, tambarin zai sauka daga kore, amma kafin sunan gaskiya ya yi rinjaye sai an sami mutum biyar a kan waɗancan biyun, ko kuma su janye nasu. Kada kowa ya tabbatar da sunan da shi kansa ba zai iya gane mai shi ba in babu manhaja.

Ingancin hoto shi ne rabin aikin, kuma minti biyar sun isa a koyar da shi. Ga tsiro, a ɗauki uku zuwa biyar: dukan tsiron daga ɗan nesa, saman ganye, bayan ganye, yadda ganyen ya manne da kara, sai fure ko 'ya'ya idan akwai. Kyamarar waya takan kama abin da ke baya ta bar ƙaramin abin da ke gaba dishi-dishi, to sai a sa tafin hannu ko farar takarda a bayan ganyen, a taɓa fuskar wayar a daidai wurin, a jira ya fito tas kafin a danna. Ga ƙwaro, a fara ɗauka tun daga nesa, a matsa taku ɗaya a sake ɗauka, a haka har ya tashi, domin wanda ya jira sai ya isa dab da shi yakan tashi a tutar babu. Ga naman kaza, ƙarƙashin hularsa ya fi samansa muhimmanci, sai a juya kyamarar gaba a zura wayar a ƙasa. Shafin yana rage kowane hoto zuwa fiksel 2048 a gefensa mafi tsawo, saboda haka idan tsuntsu ya fito ɗan ɗigo a tsakiyar sama, a yanke hoton kafin a ɗora, in ba haka ba ɗan abin da ya rage na kamanninsa zai ɓace.

Wani kuskuren da ke cinye aikin yini guda shi ne tara hotuna ta WhatsApp. Dabara ce mai kyau mutane su ɗauka da kyamarar wayarsu su tura wa jagora ya ɗora, amma idan aka tura hoto a matsayin hoto, WhatsApp yana goge bayanan rana da wurin da ke cikinsa, yana kuma matse shi. A tura shi a matsayin fayil, kuma tun farko a tabbatar an kunna saitin wuri a kyamarar. Jagora ya nemi izinin mai hoton, ya ambace shi a bayanin rahoton idan yana so. Hoton da aka kwafo daga intanet kuwa ba a yarda da shi ba sam, ana yi masa tuta a cire shi.

Batun data da caji ba ƙarami ba ne ga mutanen da suke lissafin kowane megabait. A shiga saiti a kashe ɗorawa ta kai-tsaye. GPS ba ya buƙatar data, don haka ana iya adana rahotanni a waya a ɗora su daga baya inda akwai wayfai. Abin lura kawai shi ne a ba wayar daƙiƙoƙi ta kama wuri sosai, musamman tsakanin dogayen gine-gine ko ƙarƙashin bishiyoyi masu duhuwa, inda da'irar da ke nuna wurin takan yi faɗi har ta haɗiye unguwa guda. Fuskar waya a cikin rana tana zuƙe batir, saboda haka fawabank biyu da wayoyin caji iri biyu suna cikin kayan da ba a barin su a gida.

Sai babbar magana, wato sirri. Wannan ne wurin da saitin asali na iNaturalist bai dace da mutane masu rauni ba. Duk rahoton da aka ɗora, in ba a canja ba, a buɗe yake: kowa a duniya zai ga daidai inda aka ɗauke shi, da rana, da lokaci, da sunan asusun. Mutumin da ya ji daɗin fitar ya koma gida ya ɗauki malam-buɗe-littafi a tagar ɗakinsa, ya sake ɗaukar wani gobe, cikin mako guda ya zana wa duniya ƙofar gidansa da lokutan da yake ciki. Ga mai neman mafaka, ko matar da ta gudo daga mai cutar da ita, ko matashin da ke zaune a gidan marayu, wannan haɗari ne na gaske. Manhajar tana da matakai uku. Buɗaɗɗe shi ne wanda aka bayyana. Lulluɓaɓɓe yana nuna ɗigo na bogi a cikin wani murabba'i mai faɗin digiri 0.2, wato kusan kilomita 22 kowane gefe a kusa da tsakiyar duniya. Ɓoyayye kuma ba ya nuna wuri ko kaɗan, amma yana wahalar da masu tantancewa, tunda sanin yanki na taimakawa wajen gane nau'i. Shawarar da ta fi dacewa ita ce buɗaɗɗe a cikin lambun jama'a, lulluɓaɓɓe a gida da makaranta da wurin ibada da wurin aiki. A zaɓi sunan asusu da ba ya nuna sunan gaskiya. A kuma duba hoton kansa kafin a ɗora, domin lambar gida ko allon titi ko fuskar yaro a bayan fure sun isa su warware duk lulluɓin. Rigakafi ya fi magani, kuma wannan bayani a ranar buɗe asusu ake yin sa.

Lasisin hoto ma ya cancanci minti ɗaya. A saitin asali, kowa na iya amfani da hoton muddin ya ambaci mai shi kuma ba don kasuwanci ba. Ana iya canja shi, amma wanda ya riƙe duk haƙƙoƙinsa ya san rahotonsa ba zai isa GBIF ba. A faɗa wa mutane, su zaɓa da kansu.

Duk waɗannan su ne suka sa Seek ta fi dacewa da ranar farko. Masu iNaturalist ne suka fitar da ita a 2018. Ba ta neman rajista, ba ta neman imel, ba ta ɗora komai a bainar jama'a, kuma tana gane halittu ba tare da intanet ba domin basirar a cikin wayar take. Asusun iNaturalist yana buƙatar shekara 13 ko izinin iyaye, Seek kuwa an yi ta ne da yara da iyalai a zuciya. Ana ɗora kyamara a kan abu, sai a ga wasu ɗigogi suna cika ɗaya bayan ɗaya yayin da take gangarowa daga babban rukuni zuwa dangi zuwa nau'i. Kallon yaro ya durƙusa yana juya waya a hankali kewaye da ganye, yana riƙe numfashi yana jiran ɗigon ƙarshe ya cika, ya isa ya nuna cewa waɗanda suka tsara ta sun san abin da suke yi. Tana kuma da hali mai kyau na tsayawa a matakin dangi idan ba ta tabbata ba. Raunin ta uku ne. Tana dumama tsofaffin wayoyi ta cinye batir da sauri. Babu ɗan Adam da ke duba amsarta, don haka kuskurenta ba mai gyara shi. Abin da aka tara kuma a wayar yake zaune, idan an goge manhajar ko wayar ta ɓace ana iya rasa shi gaba ɗaya. Lambobin yabo da ƙalubalen wata-wata da take bayarwa suna jan yara, sai dai jagora ya lura kada fita ta koma tsere kowa idonsa a kan gilashi. Kuma a nanata wa kowa cewa ba a cin ganye ko 'ya'yan itace ko naman kaza bisa sunan da wata manhaja ta bayar.

Merlin ta tsuntsaye ce kaɗai. Sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell ne ya fitar da ita a 2014, aka ƙara mata gane kuka a 2021. Hanyarta ta tambayoyi biyar, wato ina, yaushe, girmansa, launukansa har uku, da abin da yake yi, ta fi kowace koyar da lura, domin tana tilasta wa mutum ya kalli tsuntsun kafin ya kalli waya. Gane kuka kuwa shi ne abin da ke sa tsofaffi da masu raunin gani su shigo cikin tafiyar sosai: a ɗaga waya ɗaya, kowa ya yi shiru minti biyu, sunaye su riƙa bayyana, kowanne yana haskawa idan mai shi ya sake kuka. Amma ta fi cika a Amurka da Kanada da Turai, a sauran yankuna nau'o'in da take ganewa da kuka sun fi ƙaranci. Ƙarar motoci da surutun jama'a suna ruɗa ta, tsuntsaye masu kwaikwayon kukan wasu ma haka. Abin da ta faɗa a ɗauke shi shawara har sai an ga tsuntsun da ido. A sauke kundin tsuntsayen yankin a wayfai tun daren da ya gabaci fitar, domin yana da nauyi. Kuma kada a kunna kukan tsuntsu daga waya don a jawo shi, musamman lokacin sheƙa, yana tayar masa da hankali ya bar ƙwansa.

Harshe shi ne inda duka ukun suka gaza wa masu ƙananan harsuna. 'Yan sa-kai ne ke fassara iNaturalist, don haka wasu harsunan sun cika, wasu rabi, da yawa babu su. Amma akwai ƙofa da ba a cika amfani da ita ba: a shafin intanet, kowane nau'i yana da wurin da ake ƙara sunansa a wani harshe. Dattijuwar da ta taso a ƙauye kafin ta dawo birni sau da yawa ta fi jagora sanin tsirrai, ta san wanda dabbobi ke ci da wanda ke fitowa bayan ruwan farko. A tambaye ta sunan kafin a ɗaga waya, a rubuta shi a takarda yadda ta faɗa, idan masana sun tabbatar da nau'in sai a shigar da sunan, da sharaɗin cewa suna ne da jama'a ke amfani da shi ba ƙirƙirarre ba. Jagoran da ya bar waya ta riga dattijai magana ya zubar da abu mafi daraja da ƙungiyarsa ta zo da shi.

Tsarin fitar da ke tafiya daidai da waɗannan manhajoji ba ya buƙatar nisa. Jagora ɗaya ga mutum 8 zuwa 10, waya ɗaya ga mutum uku, tafiyar da ba ta wuce kilomita ɗaya da rabi ba, cikin minti 60 zuwa 90. Minti 15 na farko wayoyi su zauna a aljihu. A kawo gilashin ƙara girma guda biyar ko shida da madubin hangen nesa ko da biyu ne, a riƙa karɓa-karɓa. A haɗu a wurin da mutane suka riga suka sani, kamar tashar bas ko ƙofar cibiyar unguwa, a shiga lambun tare, domin tsallake ƙofar shi ne mataki mafi nauyi ga wanda bai taɓa shiga ba. Jagora ya zaga hanyar kwana ɗaya kafin nan ya duba bayan gida, da benci, da inuwa, da matakalar da keke ba zai hau ba, da lokacin rufe ƙofa, ya kuma sanar da masu kula da wurin don kada wani ya tare jama'a da tambayoyi. Babu ɗaya daga cikin manhajojin da ke nuna waɗannan abubuwa, alhali su ne ke yanke hukuncin ko mutum zai dawo.

A zaɓi wuri mafi kusa ko da bai kai wani kyau ba. Ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar a sami koren fili cikin mita 300 daga gida, kuma masanin dazuzzukan birni Cecil Konijnendijk ya gina ƙa'idarsa ta 3-30-300 a 2021 a kan haka: bishiya uku da ake hangowa daga gida, inuwar bishiyoyi kashi 30 cikin 100 a unguwa, da lambu cikin mita 300. Wani bincike na Jami'ar Exeter da aka wallafa a 2019, kan mutane kusan 20,000 a Ingila, ya gano cewa masu yin minti 120 ko fiye a mako a irin waɗannan wurare sun fi ba da rahoton ƙoshin lafiya, kuma ba bambanci ko a zama ɗaya ne ko a gutsuttsure. Wannan ya nuna cewa ɗan filin da mutum zai iya zuwa da ƙafa sau huɗu a mako ya fi masa amfani a kan gandun dajin da sai an ɗauki hayar mota sau ɗaya a shekara. Gefen layin dogo da aka killace, da bakin magudanar ruwa, da kangon fili sukan fi lambun da ake yi wa aski kowane mako yawan halittu.

Bayan fita ta biyu ko ta uku, a buɗe wa ƙungiyar shafin aiki a iNaturalist, irin wanda ke tattara rahotanni da kansa bisa wuri ko rana ko jerin mambobi. Daga kwamfuta ake yin sa, kuma idan lambun ba ya cikin wuraren da aka riga aka zana, sai asusun da ke da rahotanni 50 masu inganci ne zai iya zana iyakarsa, don haka jagora ya fara tara nasa tun da wuri. A lura cewa rahoton da aka lulluɓe wurinsa sau da yawa ba ya bayyana a aikin da aka gina a kan ƙaramin fili, saboda haka gina shi bisa jerin mambobi ya fi aminci. Ƙungiyar da ta kai nan za ta iya shiga City Nature Challenge, gasar tara rahotannin halittu tsakanin birane da ta fara a 2016 tsakanin Los Anjalas da San Faransisko, ta zama ta duniya a 2018. Ana yin ta kwana huɗu, Juma'a zuwa Litinin, a ƙarshen Afrilu, sai a ƙara wasu kwanaki na ɗorawa da tantancewa. A lokacin rahotanni kan yi wa masu tantancewa yawa, amsa takan yi jinkiri, don haka ba makon da ya dace a fara da sababbin shiga ba ne. A fara watanni biyu kafin nan, kuma bayan kowace fita jagora ya zauna cikin kwana biyu ya bi rahotannin mutanensa ɗaya bayan ɗaya, ya sa babban suna inda babu, ya gyara wurin da ya kauce, ya bar wa kowa kalma ɗaya a ƙarƙashin hotonsa.